Dubu Arba'in da Bakwai

Dubu arba'in da bakwai ke aljihuna:
kwasar adashi, da kuɗin tunkiyar da na kai Tudun Wada,
da canjin cefane da Saratu ke tarawa a gwangwanin madara.
Rifkatu gogen Turawa take so,
mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a haɓa.
Shekara biyu tana aron na majami'a,
a ba ta Asabar, a karɓe Lahadi da yamma.

Daga Wusasa muka tashi tun rana ba ta yi zafi ba.

Shagon farko a Sabon Gari,
goge na rataye yana ƙyalli kamar an shafe shi da man gyaɗa.
Na tambaya. Yaron ya ce ɗari da ashirin,
bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.
Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba,
na ce bari mu zaga.

Na biyu ja ne wur, dubu talatin har da jaka.
Zuciyata ta fara lissafin abin da zai saura.
Rifkatu ta ɗora, ta ja sau ɗaya,
ya yi kukan ƙyauren da ya sha damina.
Ta ajiye a hankali, ba ta dube ni ba.
Araha ba ta ado, na sani,
amma na so a ce yau ta yi.

Wani mai gyaran ganga ya ce mu nemi Baba Istifanus a Samaru,
bayan layin masu awara.
Ɗaki ɗaya, littattafai har rufi,
fanka a kusurwa ta mutu tsaye.
Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado,
makullinsa ya karye, an ɗaure shi da robar taya.
Ciki goge ne baƙi-baƙi, gefensa ya ƙuje,
tsirkiya uku, ta huɗun ta daɗe da tafiya.

Ubana na ƙwarya ya kaɗa, mai fatar guza da tsagiya.
Ban gaji hannunsa ba, sai magana ɗaya:
kada ka sayi goge da ido,
ƙwanƙwasa cikinsa kamar kankana.
Na ƙwanƙwasa. Ya amsa daga can ƙasa.
Na kanne ido ɗaya na bi wuyansa, bai karkace ba.
Na shinshina, ba manne sabo, ba gara.

Rifkatu ta goga ƙaro, ta ɗaure kunnuwan,
ta ja.
Ban san sunan abin da ta kaɗa ba.
Na dai ga tsohon ya cire tabarau,
mai awara ta leƙo da matsami a hannu,
mai na ɗiga a kan silifas ɗinta.

Sittin, in ji shi.
Na ce arba'in. Ya ce albarka.
Na nuna ƙujewar, ya nuna mini yarinyar.
Muka tsaya a hamsin da biyu, gumi na bin bayana,
na zazzage aljihu a kan tabarma
don ya gani da idonsa.

Sai na dubi fankar.
Na ce Baba, wannan sana'ata ce.
Na kwance ta da sukuddireban da ba na rabuwa da shi,
kwandensa ce kawai ta ƙone.
Arba'in da biyar, da iska kafin Laraba.
Ya daɗe yana kallon akwatin
kafin ya tura shi da ƙafa wajen Rifkatu.

Dubu biyun ta kai mu Kwangila da ruwan leda biyu,
sauran hanyar muka taka.
Ta rungume shi, ta ƙi ba ni ko na minti ɗaya.

Tsirkiya ta huɗu sai ƙarshen wata.
Yanzu da dare, in ta zo inda ya kamata ta hau sama,
sai ta ɗaga hannu ta yi shiru,
ta ƙirga a ranta, ta sauko.
Saratu ta ce har wurin shirun ta haddace.
Maƙwabcinmu Ɗanladi ya buga bango sau biyu daren jiya.